Sabunta Tsofaffin Jiragen Ruwan Yaƙi: Tambayoyi da Amsoshi

Kusan duk wata babbar rundunar sojan ruwa a yau ciwonta ɗaya ne. Jiragen da aka ƙera a shekarun 1980 da 1990 sun kusa cika wa'adinsu, waɗanda za su gaje su kuwa ba su iso ba. Ga amsoshin tambayoyin da aka fi yi game da yadda ake ƙara wa irin waɗannan jirage kwana, da abin da ke sa aikin ya yi kyau ko ya wargaje.

Shekara nawa jirgin yaƙi yake yi kafin a ce ya tsufa?

A takarda, yawanci 30 zuwa 40. Amurka ta yanka wa distiroyoyinta (matsakaitan jiragen yaƙi masu sauri) na farko samfurin Arleigh Burke shekara 35, manyan jiragenta masu dakon jiragen sama samfurin Nimitz kuma shekara 50. Birtaniya ta zana firigat (jirgin yaƙi da bai kai distiroya girma ba) samfurin Type 23 da nufin ya yi shekara 18 kacal, amma wasunsu sun haura 30 suna aiki.

Sai dai jirgi ba ya tsufa gaba ɗaya. Gangar jikinsa, wato ƙarfen da ke cikin ruwa, tana iya kai shekara 40 idan ana kula da fenti. Injuna da famfuna da bututai suna neman babban garambawul tun a tsakiyar tafiya. Rada da makamai kan zama tsohon yayi cikin shekara 15 ko ƙasa da haka, kwamfutocin da ke sarrafa su kuwa kafin shekara 10 ma an daina ƙera irinsu. Don haka jirgi mai shekara 20 yana iya zama saurayi a ƙarfe, dattijo a fagen yaƙi. Akasin haka ma yana faruwa, kuma shi ya fi haɗari: sabuwar rada tana walƙiya a sama, tankunan mai na yoyo a ƙasa.

Garambawul da tsawaita wa'adi da sabuntawa, ba abu ɗaya ba ne?

A'a. Garambawul shi ne mayar da jirgi yadda yake a da. Tsawaita wa'adi shi ne canza abin da ya gaji domin jirgin ya wuce shekarun da aka yanka masa. Sabuntawa kuwa ita ce ba shi abin da bai taɓa iyawa ba. Ana haɗa ukun a kwangila ɗaya saboda shigar da jirgi ramin gyara, inda ake janye ruwa a bar shi a busasshe, na da tsada, amma ya kamata kowanne ya zo da kuɗinsa daban a kasafi. Idan aka cakuɗa su, kuɗin bututu da bawul ne ake fara yanka domin a ceci kuɗin makami, tunda shi ake gani a hoto.

Daga ina ake fara aikin?

Daga bincike, kuma tun shekara biyu ko fiye kafin jirgi ya shiga ma'aikatar gyara.

Ana fara auna kaurin ƙarfe da na'urar da ke aika sauti cikin faranti ta karanta dawowarsa. Ba wuri ɗaya ko goma ake aunawa ba, dubbai ne, a jere bisa taswirar jirgin. Yawancin ƙa'idoji suna cewa farantin da ya rasa kusan kashi 20 zuwa 25 cikin 100 na kaurinsa a yanke shi. Faranti mai milimita 10 da ya dawo 7.5 ya zama na canji ke nan. Wuraren da tsatsa ta fi so sanannu ne: layin da ruwa ke tsayawa a jikin jirgi, ƙasan ɗakin injuna inda ruwa da mai ke kwanciya, tankunan ruwan teku da na bahaya, ƙarƙashin tayil na bayi da madafa, da bayan rufin da ke hana zafi fita. Na ƙarshen nan shi ne mugu, domin ba a ganinsa sai an yaye rufin.

Bayan ƙarfe sai tankuna. Kowanne sai an kwashe shi, an wanke, an hura masa iska, an auna an tabbatar babu iskar da za ta kama wuta ko ta shaƙe mutum, sannan mai bincike ya shiga da fitila da guduma. Daga nan a koma kan wayoyi, a auna ko robar da ta lulluɓe su tana riƙe wuta har yanzu. A ɗebi man injin da na giyabos a kai ɗakin gwaji a ga ko akwai garin ƙarfe a ciki, a auna girgizar famfuna da boris, a zare sandar farfela a duba ta.

Akwai wani mataki da ake yawan tsallakewa: gwada zanen jirgi da jirgin kansa. Cikin shekara 25 an yi ɗaruruwan ƙananan canje-canje da ba a mayar da su cikin zane ba. Jirage biyu 'yan ma'aikata ɗaya, samfuri ɗaya, ba sa zama iri ɗaya a ciki. Shi ya sa yanzu ake ɗaukar hoton kowane ɗaki da na'urar leza kafin a zana wurin sabon kaya. Wanda ya dogara da tsohon zane zai ƙera bututu ya kawo, ya tarar da wata akwatin wuta zaune daidai inda zai bi.

Me ya sa kusan kullum aikin ke wuce lokaci da kuɗin da aka faɗa?

Saboda rabin ciwon ba ya bayyana sai an buɗe. Ɗan kwangila ya cire injin, ya tarar ƙarfen da injin ke zaune a kai ya ruɓe. Ba ya cikin kwangila. Sai ya tsaya, ya rubuta, ya jira a amince da ƙarin kuɗi, masu haɗa waya da masu fenti da ke jiran a gama wurin su ma su tsaya. Jinkirin mako biyu a ofis yana iya zama na wata biyu a kan jirgi.

Babban darasi a nan shi ne na kuruza, wato manyan jiragen yaƙi, samfurin Ticonderoga na Amurka. Ofishin binciken kuɗi na majalisar dokokin ƙasar ya fitar da rahoto a Disambar 2024 cewa an kashe kusan dala biliyan 3.7 wajen sabunta guda bakwai, kuma dala biliyan 1.84 daga ciki ta tafi kan guda huɗu, Hue City da Anzio da Cowpens da Vicksburg, waɗanda aka yi wa ritaya ba tare da sun koma bakin aiki ba. Ɗaya daga cikin kurakuran shi ne an ajiye jiragen shekaru a bakin tasha da 'yan tsirarun ma'aikata kafin a fara babban aikin. Jirgin da aka ajiye ba hutawa yake ba, lalacewa yake. Bawul da ba a murɗawa yana ƙamewa, roba tana bushewa, ruwa yana kwana a bututu yana cinsa.

Birtaniya ma ta ɗanɗana. A Nuwambar 2024 ta sanar da ritayar HMS Northumberland bayan an gano lalacewar gangar jikinsa ta wuce abin da gyara zai biya.

Maganin ba ɓoyayye ba ne, ɗaci ne da shi. A ware kuɗi da lokaci na musamman don abin da za a tarar, a ba injiniyan da ke wurin ikon amincewa da ƙananan ƙari ba sai takarda ta je hedkwata ba, a sayi kayan da ke daɗewa kafin su iso tun jirgi yana teku, kuma a hana kowa ƙara sabon buri bayan an sa hannu.

Me zai hana a cire tsohuwar rada kawai a ɗora sabuwa?

Abu uku: nauyi, wutar lantarki da sanyi.

Nauyi ya fi wuyar sha'ani, domin rada a sama take zama, kuma duk abin da aka ɗora a sama yana ɗaga cibiyar nauyin jirgi. Ga lissafi mai sauƙi. Jirgi mai tan 4,000, aka ɗora masa tan 20 a tsayin mita 15 sama da cibiyar nauyinsa. Cibiyar za ta tashi da kusan santimita 7.5. Kamar ba komai, amma rarar da aka saba bar wa irin wannan jirgi ta duk rayuwarsa kusan santimita 30 ce, da kashi 10 cikin 100 na nauyinsa. Rada ɗaya ta cinye kwata. Idan ana so a mayar da cibiyar inda take, sai a jera dalma tan 60 a mita 5 ƙasa da ita. Yanzu jirgi ya ƙara tan 80, ya ƙara nutsewa, gudunsa ya ragu, shan mansa ya ƙaru. Da Ostareliya ta ɗora wa firigat samfurin Anzac sabuwar hasumiya mai rada CEAFAR, sai da ta ƙara musu nauyi a ƙasa, ta kuma rufe buɗaɗɗen bayan jirgin domin ya ƙara iya yawo a kan ruwa.

Wuta kuma, sabbin radoji suna da ci. Arleigh Burke na zubi na uku, masu rada SPY-6, an canza musu janareta uku daga megawat 3 zuwa 4 kowanne, aka ɗaga ƙarfin wutar daga bolt 450 zuwa 4,160. Tsofaffin jiragen samfurin da ba za a iya yi musu wannan tiyata ba, ƙaramar SPY-6 aka tsara musu. Mafi yawan wutar da rada ta sha kuwa zafi take komawa, kuma dole a kwashe shi da ruwan sanyi. Wannan na nufin manyan injunan sanyaya ruwa, da faffaɗan bututu tun daga ƙasan jirgi har hasumiya, a huda kowane bango mai hana ruwa wucewa sannan a toshe shi yadda ya kamata.

Yaya ake sanin ainihin inda cibiyar nauyin take?

Da gwajin karkatarwa. A kai jirgi ruwa mai kwanciya, ranar da babu iska, a sassauta igiyoyi, tankuna su kasance cike taf ko babu komai, a ƙirga duk mutumin da ke ciki. Sai a riƙa matsar da sanannen nauyi daga gefe zuwa gefe ana auna karkatar da igiya mai dalma a baki, digiri ɗaya zuwa huɗu. Ana yi kafin aiki da bayansa. Kusan kullum jirgin ya fi nauyin da ke rubuce, saboda fenti kan fenti, da matattun wayoyin da aka bari a wurinsu, da kayan da ma'aikata suka tara. Zare matattun wayoyin nan na daga cikin hanyoyi mafi araha na samo nauyi.

Ana canza injin gaba ɗaya?

Da wuya. Injin gas irin LM2500 an tsara shi a zare shi ta hanyar shan iskarsa a musanya, wannan ba matsala. Manyan injunan dizal da giyabos kuwa a kansu aka gina jirgin, fitar da su sai an yanka gefensa. Shi ya sa aka fi yi musu garambawul a inda suke, a canza musu na'urorin sarrafawa.

Amma idan ya kama, ana yi. Distiroyoyi shida na Birtaniya samfurin Type 45 sun yi fama da ɗaukewar wuta baki ɗaya, musamman a ruwa mai ɗumi, saboda rauni a sashen sanyaya iska na injinsu WR-21. Da yake farfelarsu da wuta take juyawa, ɗaukewar wuta na nufin babu tafiya, babu rada, babu makami. Gyaran da aka zaɓa shi ne a yanka jikin jirgi, a cire janaretocin dizal biyu masu megawat 2, a sa uku masu megawat 3. HMS Dauntless aka fara yi wa, a ma'aikatar Cammell Laird.

Abin lura: bayan duk wata babbar walda sai an sake daidaita sandar farfela, kuma awon ƙarshe a kan ruwa ake yinsa. Jirgin da ke zaune kan katako a busasshen rami siffarsa daban da ta wanda ke kan ruwa. Wanda ya manta wannan zai ƙona boris a fitar gwaji ta farko.

Tsatsa da tsagewa fa, ana maganinsu har abada?

Ba a yi. Ana dai rage musu gudu. Fenti mai kyau rabinsa shiri ne: a kankare ƙarfe da yashin feshi har ya yi fari, a wanke gishiri, kada a shafa fenti idan laimar iska ta haura kashi 85, kuma ƙarfen ya fi ma'aunin da raɓa ke sauka ɗumi da digiri 3 aƙalla. Fentin da aka shafa kan gishiri ko raɓa zai kumbura cikin shekara biyu, an yi kitso da ƙwarƙwata. A ƙarƙashin ruwa ana liƙa dunƙulen tutiya domin tsatsa ta ci su a madadin ƙarfe, ko a sa na'urar da ke sakin 'yar wuta don hana cin.

Jiragen da samansu alminiyam ne, irin Ticonderoga da Oliver Hazard Perry, suna da nasu ciwon. Alminiyam mai yawan magneziyam idan ya sha zafin rana da na bututun hayaƙi shekara da shekaru, cikinsa yana canzawa ya zama mai saurin tsagewa. A yi walda a kan irin wannan faranti, tsagar ta sake ɓullowa a gefen waldar. Sai an gwada farantin, in ya lalace a yanke shi har inda lafiyayye ya fara. Wannan, da gobarar USS Belknap ta 1975 da ta narkar da samansa, suna cikin dalilan da suka sa Amurka ta koma ƙarfe a Arleigh Burke.

Wane irin makami ne ya fi sauƙin ƙarawa?

Wanda ke zuwa cikin akwatinsa a ɗaure shi a kan daɓe, kamar makamai masu linzami na kai wa jiragen ruwa hari. Mafi wahala shi ne rumbun harbawa na tsaye. Irinsa da ake kira Mk 41 yana zuwa ne da ramuka takwas-takwas, mafi tsawonsa ya kai kusan mita 7.7, wato sai an huda bene biyu ko uku, an tashi ɗakunan da ke wurin, an ƙarfafa gefen ramin, an kawo ruwan kashe gobara. Turkiyya da Ostareliya sun yi wa wasu firigat ɗinsu samfurin Perry haka, ramuka takwas a gaba. Ribar ita ce makamin ESSM, na kakkaɓo abin da ya taho ta sama, huɗu ke shiga rami ɗaya, takwas ta zama 32.

Wani lokaci sabon makami rage nauyi yake. Da Birtaniya ta maye gurbin makamin Sea Wolf da Sea Ceptor a Type 23, an sauke radojin da ke raka makami daga saman jirgi, domin sabon da idonsa yake tafiya. Irin wannan canji shi ne abin nema a tsohon jirgi.

Me ya sa ake cewa haɗa na'urori ya fi sayensu wuya?

Domin rada daga kamfani ɗaya, makami daga wani, na'urar sauraron ƙarƙashin ruwa daga na uku, kuma dole manhaja ɗaya ta sa su fahimci juna cikin ƙiftawar ido. Aikin sabunta firigat samfurin Adelaide na Ostareliya ya makara da shekaru, mafi yawa a nan, kuma daga shida huɗu kawai aka yi wa. Hanyar da ta fi aminci ita ce a gina kwafin tsarin a tudu a gwada komai kafin a taɓa jirgi, kamar yadda Amurka ke yi wa Aegis, tsarinta na haɗa rada da makamai, a Moorestown ta jihar New Jersey.

Sannan na'urorin suna iya toshe wa juna kunne. A yaƙin Falklan na 1982, lokacin da makamin Exocet ya nufo HMS Sheffield, na'urar sadarwarsa ta tauraron ɗan'adam tana aiki, kuma ta hana na'urar da ke sauraron radar abokan gaba ji. Duk eriyar da aka ƙara sai an sake gwada ta da sauran.

A kwangila kuma a dage kan abu ɗaya: ikon taɓa manhajar da takardun bayaninta. Rundunar da ba ta da shi, duk ƙaramin canji sai ta koma wa kamfani ɗaya da farashin da ya ga dama.

Da gaske ne jirgi ya fi zama cikin haɗari a wurin gyara fiye da teku?

Ta fuskar gobara, ƙwarai. Ana walda a wurare da dama, an kashe wasu na'urorin kashe wuta don gyara, ma'aikata kaɗan ne, wayoyi da tiyo na wucin gadi sun ratsa ƙofofin da ya kamata a rufe don tsare wuta, ga tarin kwali da tsumma. USS Bonhomme Richard ya kama wuta a San Diego ranar 12 ga Yulin 2020 ana dab da gama aikinsa, ya ci fiye da kwana huɗu, ƙarshe aka yanka shi. USS Miami, jirgin ƙarƙashin ruwa, wani ma'aikaci ya cinna masa wuta a 2012, shi ma bai dawo ba. Admiral Kuznetsov na Rasha ramin gyara mai yawo ya nutse a ƙarƙashinsa a Oktoban 2018, ya kuma yi gobara a Disambar 2019.

Ƙa'idojin ba su da wuyar fahimta. Kowace walda da takardar izini da mai gadin wuta a ɓangarori biyu na bangon, kuma ya ci gaba da tsayuwa bayan an gama. Duk tiyo da ya ratsa ƙofa ya kasance mai saurin cirewa. A kwashe shara kullum. A yi atisaye tare da 'yan kwana-kwanan gari, domin su ba su san cikin jirgi ba.

Jiragen ƙarƙashin ruwa ma haka ake yi musu?

Tsarin ɗaya, amma kuskure ba ya yafuwa. Gangarsu tana matsewa ta saki a kowane nutso, don haka yawan nutso ake ƙirgawa tare da shekaru. Idan aka yanka ta don fitar da injin ko batir, sai waldar ta koma daidai, a duba ta da hoton ƙarfe, a auna zagayen ya kasance da'ira sosai. USS Thresher ya nutse da mutum 129 a Afrilun 1963 a gwajin nutso bayan garambawul, kuma daga nan Amurka ta kafa tsarin SUBSAFE, inda kowane bututu da bawul da ruwan teku ke bi yake da takardar tarihinsa. ARA San Juan na Ajantina, wanda aka gama yi wa gyaran tsakiyar rayuwa a 2014, ya ɓace da mutum 44 a Nuwambar 2017, bayan ya ba da rahoton ruwa ya shiga ta hanyar iska ya taɓa batir.

Sayen tsohon jirgi daga wata ƙasa ba ya fi araha ba?

Kuɗin saye ne mai araha. Indiya ta amince a 2004 Rasha ta gyara mata tsohon Admiral Gorshkov a kan ƙasa da dala biliyan 1, a miƙa shi a 2008. An miƙa shi a 2013 da sunan Vikramaditya, a kan kusan biliyan 2.35, bayan an gano wayoyin da za a canza sun ninka abin da aka zata, tukwanen tururinsa kuma suka lalace a gwajin 2012. Burazil ta sayi Foch daga Faransa a 2000 kan dala miliyan 12, ta sa masa São Paulo, ya fi zama a tasha fiye da teku, kuma a Fabrairun 2023 ta nutsar da shi da gangan bayan Turkiyya ta hana shi shiga wurin yanka saboda asbesto, wani sinadarin rufi mai cutar da huhu.

Cinikin yana yin kyau idan samfurin yana da yawa a duniya, kayan gyaransa na samuwa, kuma an saye shi da safaya da takardu da horo. Jirgin da shi kaɗai ya rage a samfurinsa, a guje shi ko kyauta ne.

Jirage nawa ake cirewa daga aiki lokaci guda?

Ƙa'idar da aka saba ita ce kashi uku: ɗaya a bakin aiki, ɗaya a horo, ɗaya a gyara. Mai jirage shida ba zai iya tura uku ma'aikata ba. Gwara a jera su ɗaya bayan ɗaya, a ba na farko isasshen lokaci tunda a kansa ake koyo. Kanada ta yi haka da firigat 12 samfurin Halifax, a ma'aikatu biyu a gaɓar gabas da ta yamma, kan dalar Kanada biliyan 4.3, aka gama jirgi na ƙarshe a 2016, kuma ana yawan kawo aikin a matsayin wanda ya tafi daidai. Yawan ramukan gyara da ƙwararrun masu walda ne ke yanke gudun aikin, ba kuɗi kawai ba. Jiragen Nimitz ma'aikata ɗaya ce tak, ta Newport News, ke canza musu makamashin nukiliya, kuma aikin da aka saba yi cikin shekara huɗu ya ɗauki USS George Washington daga 2017 zuwa 2023.

Jirage marasa matuƙa sun canza lissafin?

Sun canza. Abin da aka gani a Bahar Maliya tun ƙarshen 2023 shi ne ana harba makami na kusan dala miliyan 2 kan abin da bai kai kuɗin mota ba, kuma rumbun tsaye sai an koma tasha ake sake cika shi. Wannan ya dawo da martabar bindiga mai milimita 30 zuwa 76 da harsashi mai fashewa kusa da abin hari, da na'urorin toshe sadarwa. Su ne sabuntawa mafi saurin yi, kuma tsohon jirgi yana iya ɗauka. Leza kuwa, irin HELIOS da aka ɗora wa USS Preble, tana komawa kan tambayar nan ta wuta da sanyi.

Yaushe ya kamata a haƙura a yi wa jirgi ritaya?

A raba kuɗin aikin da shekarun da jirgin zai yi a teku bayansa, ba shekarun da aka yi alkawari ba. Misali, gyaran miliyan 300 da zai ba da shekara 10 ya kama miliyan 30 a shekara. Sabon jirgi na biliyan 1.2 mai shekara 35 ya kama kusan 34. Kamar gyara ya ci. Amma idan gyaran ya kai 450, jinkiri ya cinye shekara uku, ya koma 64. Kuma ba a sa yawan ma'aikata da shan mai ba, waɗanda tsohon jirgi ya fi, alhali kuɗin gudanarwa ne kusan kashi biyu cikin uku na abin da jirgi ke ci a rayuwarsa.

A ganinmu alamu huɗu sun isa a tsaya: rarar nauyi ta ƙare, wutar ba za ta ƙaru ba sai an yanka jirgi, lalacewar ta kai ga ƙashin bayansa da manyan bangaye, ko kamfanin da ke ƙera kayan injinsa ya daina. Biyu daga ciki idan sun haɗu, abin da ya rage shi ne ƙaramin gyara na riƙon ƙwarya har magaji ya iso. Amurka ta yi irin wannan da wani shirin gyara mai suna FRAM a farkon shekarun 1960, ta ɗauki distiroyoyin yaƙin duniya na biyu ta yanka musu ƙarin shekara biyar zuwa takwas, ba ta yi riyar mayar da su sabbi ba.

Idan ma'aikata ta ce ta gama, shi ke nan?

Saura watanni. A bakin tasha ake fara kunna komai ɗaya-ɗaya, a wanke bututan mai da na ruwan sanyi har tacewa ta fito tsaf, a ɗora wa janareta cikakken kaya, a sake gwajin karkatarwa. A daidaita rada da bindiga da kamfas su kalli wuri ɗaya, jirgi yana kan ruwa, galibi da dare saboda zafin rana yana lanƙwasa ƙarfe. Sai fita teku: cikakken gudu na sa'o'i, birki daga cikakken gudu zuwa baya, juyi, ɗauke wuta da gangan a ga ko za ta dawo, auna ƙarar jirgi da maganaɗisunsa, sannan harbi na gaske.

Ma'aikatan jirgin ma sabbi ne, domin waɗanda suka kawo shi an daɗe da yi musu canjin wuri. Ya kamata su iso watanni kafin a gama, su bi bututu da hannunsu, su karɓi kundin gyara da safaya na sabbin kayan. A riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila har a share jerin abubuwan da gwaji ya tona, kuma a sa wa jirgin ɗan gajeren lokacin komawa ma'aikata bayan watannin farko a teku, domin a nan ne bawul ɗin da aka ɗaura a juye da wayar da aka sa wa lamba ba daidai ba suke bayyana.